Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Malesiya: sola da batirin laftof

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce da sola kake cajin laftof ɗinka a gida kana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, wani mai gyara ya ce maka sola na cin batir, har kana tunanin sayen sabuwa kafin ka taho. Kada ka taɓa kuɗin makarantarka tukuna.

Batir bai san inda wuta ta fito ba. Ko ta NEPA ce, ko janareta, ko rana, caja ce ke mayar da ita bolt 19 ko 20, sannan kwamfutar da kanta ta tsara yadda za ta shiga batir. Abin dubawa shi ne abin da ke tsakanin farantin sola da cajarka. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batirin sola irin ta soket, idan mai araha ce wutarta ba ta fita sumul, shi ya sa za ka ji caja na ƙara tana ɗaukar zafi. Nemi wadda aka rubuta "pure sine wave" a jikinta. Kuma don Allah kada wani ya jona maka faranti kai tsaye da laftof. Farantin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 20 da tsakar rana, hadari na tasowa ya faɗi. Dole a sa kwantirola mai daidaita wutar faranti da batirin ajiya a tsakani.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Batirin litiyam ya fi saurin tsufa idan yana cike maƙil kuma yana cikin zafi, kuma haka masu sola ke yi ba da saninsu ba: a jona da azahar a ɗakin kwano, a watan Afrilu da zafi ke wuce 40, laftof a kan katifa ta toshe ramukan iska, ta cika ɗari a bar ta a jone don gudun faɗuwar rana. Da dare kuma a yi aiki har ta mutu. Wannan ɗabi'ar ce mai gyaran ya gani ya ɗora wa sola. Ɗora ta kan tebur, inda iska ke ratsawa. Lenovo da ASUS da Dell duk suna da saitin taƙaita caji. Tsayar da shi wajen 80, kuma kada ka riƙa barin ta ta yi ƙasa da 20.

Kafin ka yanke shawara, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka fayil ɗin rahoto, ka buɗe shi za ka ga ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. In ya kai kashi 80 cikin ɗari, lafiyarsa lau. In ya yi ƙasa sosai, batir kawai za a canja, akwai shagunan hakan a Low Yat Plaza nan Kuala Lumpur. Amma in ya kumbura, canja shi tun a gida, kada ka hau jirgi da shi.

Soket ɗin nan mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Pawa bank kuwa a jakar hannu ake sa shi, ba a akwati ba. Turo min hoton sakamakon batirin in gani, ka gaishe da Inna.