Ruwan da ake ba tukunyar tururi

Ka ce tunda kwal ne ke ba da wuta a tashar lantarki, me ya sa ake wahalar tace ruwan tukunya alhali tafasa shi kawai za a yi? Yaro, ka fama mini tsohon ciwo.

Yadda kwal ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya juya janareta, wannan ko ɗan firamare ya sani, ba zan ɓata yawuna ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya ta haka ake samunsa. Tashar Anu Araren kusa da Agadas tun 1981 take ƙona kwal, injina biyu, kowanne megawat 18.8, ita ke ba ma'adinan yuraniyam na Arlit wuta. Kana jin da ruwan rijiya ake shayar da tukunyar da ta yi shekara arba'in tana aiki?

Wani mai masana'anta ya taɓa ba ni kwangilar sauya bututun tukunyarsa mai cin kwal. Da kuɗina na sayi sandunan walda, na biya yara. Kowace gaɓa na gwada ta da matsin ruwa, ko ɗigo babu. Na ce masa, "Alhaji, ruwan burtsatsen nan zartsi ne, a tace shi, a sa magani." Ya ce to. Ashe ina juya baya ya hana sayen maganin, wai tsada.

Ba a daɗe ba bututu ya fashe. Ya aiko a kira ni, a gaban ma'aikatansa ya ce waldata ce ta saki. Ban ce uffan ba, na ɗauko zarto na yanke bututun. Waldar tana nan daram. Ciki kuwa farin ɓawo ne ya daskare, irin na gindin butar shayi, kauri kamar farce biyu a haɗe. Wannan ɓawon shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Wuta na dukan bututu daga waje, ruwa bai kwashe zafin ba, sai ƙarfe ya yi ja, ya kumbura, ya tsage. Na miƙa masa guntun a hannu. Ya juya shi, ya ajiye, ya ce sai ya yi shawara. Cikon kuɗina har yau shiru, sai da na sayar da babur na sallami yara. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu, kun kalli bidiyo a waya kun zama injiniyoyi, ba mai haƙurin tsayawa awon ruwa. Kafin ka ɗora walda a tukunyar kowa, ka ga takardar awon ruwansa da idonka, ka sa ya sa hannu cewa tacewa a wuyansa take, ka karɓi rabin kuɗinka. Gobe da sassafe ka zo, akwai bututun da za mu yanka ka ga cikinsa.