An ce gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin binciken lafiya, shin karatun ƙanena zai tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ƙanena yana shekara ta biyu a karatun digiri na uku a wata makarantar koyon likitanci da ke Amurka, yana bincike kan cututtukan jini. Da alawus ɗin da ake ba shi yake biyan haya, har ya ɗan aiko wa mahaifiyarmu. Tun farkon 2025 muke jin labarin gwamnatin tarayya ta yanke kuɗin bincike, ana sallamar ma'aikata a jami'o'i da asibitoci. In na tambaye shi sai ya ce "ba komai, Yaya", amma muryarsa ba haka take nunawa ba. Don Allah a yi mini bayanin abin da ake ciki, kuma shin za a iya tsayar masa da karatu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Damuwarki tana da tushe, kuma ba zan ce miki babu komai ba. Sai dai labaran da kike ji sun cuɗa abubuwa daban-daban a ƙwarya ɗaya, alhali ba dukansu ne suka shafi ƙanenki ba. Abin da zai gaya miki halin da yake ciki shi ne sanin daga wane aljihu alawus ɗinsa yake fita.

Mafi yawan binciken lafiya a jami'o'in Amurka hukumar gwamnatin tarayya ce mai suna NIH take ɗaukar nauyinsa. Kasafinta na shekara ya kai wajen dala biliyan 47, kuma kaso mafi tsoka ba a cikin gidanta ake kashe shi ba, jami'o'i da asibitocin koyarwa ake ba wa. A alƙaluman da ita kanta ta fitar na shekarar 2023, ta raba fiye da dala biliyan 35 ga cibiyoyi sama da 2,500. Kowane tallafi kashi biyu ne. Akwai kuɗin aikin kansa: albashin masu binciken, alawus ɗin ɗalibai, sinadarai, ɓerayen gwaji. Akwai kuma abin da zan kira kuɗin ɗawainiya, wanda ake ba makarantar don ta riƙe wurin da ake aikin.

A kan wannan kashi na biyu rigimar farko ta tashi. Ranar 7 ga Fabrairu 2025 NIH ta sanar cewa daga yanzu ba za ta biya wa kowa kuɗin ɗawainiya fiye da kashi 15 cikin ɗari ba, tana mai cewa hakan zai rage mata kashe sama da dala biliyan 4 a shekara. Kafin nan kowace makaranta tana da nata kason da ta daidaita da gwamnati bayan an duba littattafanta. Na manyan makarantun likitanci yakan wuce kashi 50, na jami'ar Harvard ya kai 69.

Mutane da yawa in sun ji kashi 60 sai su ɗauka makaranta ce ke cinye fiye da rabin tallafin. Lissafin ba haka yake ba. A ce kuɗin aikin dala 100,000 ne, to 60,000 ake ɗorawa a kai, jimla 160,000, wato rabon makarantar bai kai kashi 40 na duka kuɗin ba. In aka mayar da shi 15, abin da za ta samu ya faɗo daga 60,000 zuwa 15,000, amma kuɗin wuta bai ragu ko kwabo ba. Ki yi tunanin firizar da ke riƙe samfurin jinin marasa lafiya a sanyin da ya kai 80 ƙasa da sifili, dare da rana, shekara da shekaru. Dole a samu janareton ko-ta-kwana, da mai gyara, da wurin zubar da shara mai guba, da likitan dabbobi mai kula da ɓerayen, da kwamitin da ke tabbatar da ba a cuci mara lafiyar da ya yarda a yi gwaji da shi ba. Duk daga wannan kuɗin ake biyansu. Ɓangaren ofis-ofis kuwa, wanda aka fi zargi, tun 1991 aka ƙayyade wa jami'o'i shi a kashi 26.

Gwamnati ta kafa hujja da cewa gidauniyoyi masu zaman kansu, irin ta Bill Gates, kashi 10 zuwa 15 suke bayarwa kuma jami'o'i suna karɓa. Gaskiya ne suna karɓa, amma suna iya karɓa ne saboda ginin da na'urorin suna nan da kuɗin gwamnati, kuma gidauniyoyin kan yarda a sa wasu abubuwan ɗawainiya cikin kuɗin aikin kansa. A ganina tsarin yana da wuraren da ya kamata a gyara, domin ko mu da ke cikin harkar muna shan wahalar fahimtar yadda ake lissafa kason. Amma sanar da ragi irin wannan ranar Juma'a a ce ya fara aiki Litinin, wannan ba hanyar gyara ba ce, kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata ne suke fara jin zafinsa.

Wannan ragin dai bai fara aiki ba. Ranar 10 ga Fabrairu jihohi 22 suka kai ƙara kotun tarayya a Boston, ƙungiyoyin jami'o'i da na makarantun likitanci su ma suka shigar da tasu. Mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da shi nan take, a watan Afrilu kuma ta mayar da dakatarwar ta dindindin, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Babbar hujjar masu ƙarar ita ce tun 2018 majalisar dokoki take sa wani sharaɗi a dokar kasafi da ya hana taɓa wannan kason, bayan an taɓa neman mayar da shi kashi 10 a 2017.

Abu na biyu da ake ta yaɗawa shi ne ragin kusan kashi 40 daga kasafin NIH. Wannan shawara ce da fadar shugaban ƙasa ta miƙa a watan Mayu 2025, kuma a Amurka majalisa ce ke da wuƙa da nama kan kasafi. A ƙarshen Yuli kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa, da ƙuri'un 'yan jam'iyyun biyu, ya ƙi amincewa da ragin. Don haka duk sanda kika ji wani adadi mai tayar da hankali, ki fara tambaya: shawara ce, ko doka ce da aka sa wa hannu?

Na ukun shi ne wanda ya ciji mutane da gaske. An soke ɗaruruwan tallafi ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar aiki, bisa cewa ba su dace da manufofin gwamnati ba, musamman waɗanda suka shafi bambancin lafiya tsakanin al'ummomi, jinsi, da ɗari-ɗarin da wasu ke yi da rigakafi. Wani alƙali ya ce sokewar ta saɓa wa doka, amma a watan Agusta 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen 5 da 4, ta bar gwamnati ta ci gaba da riƙe wajen dala miliyan 783. Wasu jami'o'in kuma an tsare musu kuɗi gaba ɗaya saboda taƙaddamar siyasa: Columbia dala miliyan 400, Harvard sama da biliyan 2. Ga jinkirin zaman kwamitocin da ke tantance sababbin buƙatu, wanda aka yi a 2025, bai cika shiga kanun labarai ba amma ya bar ɗakunan gwaje-gwaje wata da watanni babu kuɗi.

Makarantar likitanci tana da wata ƙafar da take tsayuwa a kai, wato kuɗin da asibitinta ke samu daga jinyar marasa lafiya, kuma da rarar wannan ake cike giɓin bincike. Ita ma ƙafar ta girgiza, don dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 za ta rage wa shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, sama da dala biliyan 900 cikin shekara goma. Duk wannan matsin ne ya sa makarantu suka tsuke bakin aljihu tun kafin kotu ta gama magana. Cibiyar likitanci ta Vanderbilt da ke Nashville ta sanar a watan Yuni 2025 cewa za ta sallami ma'aikata har 650. Makarantar likitanci ta UMass Chan ta janye takardun shiga da ta riga ta aika wa sababbin ɗaliban digiri na uku. Jami'ar Johns Hopkins ta rasa dala miliyan 800 na USAID, hukumar Amurka ta tallafa wa ƙasashen waje, ta rage ayyuka sama da 2,000, akasarinsu a ƙasashen waje.

Kuma kada a ɗauka abin ya tsaya can. Tun da ƙanenki a kan jini yake aiki, na tabbata ya san binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi tare da na Vanderbilt, da kuɗin NIH, kan yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sun nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne, yana kare su, a wurin da ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Irin wannan aiki yana tafiya ne ta hanyar jami'ar Amurka ta karɓi tallafi ta yanko wa abokan aikinta na waje, kuma ranar 1 ga Mayu 2025 NIH ta dakatar da bayar da sabon tallafi mai irin wannan tsari har sai ta kafa wani. Wannan na cikin abubuwan da suka fi tsaya mini a rai a duk lamarin.

Yanzu ga ƙanenki. Kasancewarsa a shekara ta biyu alheri ne, don da makarantu suka shiga matsi, sababbin ɗauka suka fara ragewa domin su iya riƙe waɗanda ke ciki. Amma akwai inda ɗalibin waje ya fi ɗan ƙasa rauni. Tallafin horar da ɗalibai na NIH, wanda suke kira T32, 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kaɗai ake ba wa. Saboda haka mai yiwuwa alawus ɗinsa daga tallafin malamin da ke duba aikinsa yake fita, galibi irin wanda ake kira R01, mai wa'adin shekara huɗu ko biyar, yawanci ana sakin kuɗinsa shekara-shekara. In wannan tallafin yana da sauran shekara uku, kuma batunsa ba ya cikin waɗanda ake sokewa, to yana kan tudun mun tsira gwargwadon hali. In kuwa saura 'yan watanni ya ƙare kuma ba a sabunta ba, nan ne ya kamata a tashi tsaye. Ba sai ya jira an gaya masa ba: shafin NIH RePORTER a buɗe yake ga kowa a intanet, ya rubuta sunan malamin zai ga kowane tallafi, da adadinsa, da ranar ƙarewarsa.

Ya kuma sake ɗauko takardar da aka ba shi ta shiga makarantar ya karanta a tsanake. Makarantu da yawa suna rubuta cewa sun ɗauki alkawarin alawus na shekara kaza matuƙar ɗalibi yana ƙoƙari a karatunsa, kuma wannan alkawari yana kan makarantar ne ko da kuɗin malamin ya yanke. A irin wannan hali sukan biya daga asusun cike giɓi, ko su ba ɗalibi aikin taya koyarwa, ko a mayar da shi wani ɗakin gwajin. Sauya ɗaki yana da ciwo, yana iya ƙara masa shekara, amma digirin bai tafi ba. Ya tambayi daraktan shirin nasu kai tsaye, kuma ya nemi amsar a rubuce. Duk wani canji da ya taɓa kuɗinsa, ya sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje da wuri, domin takardun bizarsa suna ɗauke da bayanin inda kuɗin karatunsa ke fitowa.

Ke kuma Hajiya, akwai abin da ke hannunki. Yaran nan da yawa suna ɓoye damuwa ne don sun san gida ya saba da ɗan abin da suke aikowa. Ku zauna da sauran 'yan'uwa ku ga ko za ku iya ɗauke masa wannan na wata huɗu ko shida, ya tara abin da zai riƙe shi in alawus ya yi jinkiri. In kun yi waya, maimakon "ya ake ciki?" da zai amsa da "ba komai", ki tambaye shi yaushe tallafin malaminsa zai ƙare, da kuma abin da takardar shigarsa ta ce game da alawus.