Manhaja ta ce mun dace, zuciyata ta ƙi

Tambaya: Anti, na yi rajista a wani shafin neman abokin zama, na amsa tambayoyi rututu kan halayena. Sun haɗa ni da wani, wai mun dace kashi 92 cikin 100. Muna ta hira, amma hankalina bai kwanta da shi ba. Akwai wani kuma da suka ba mu kashi 60, shi ne hirarsa take min daɗi. Lissafinsu zan bi?

Amsa: Ƙanwata, kada 92 ɗin nan ta ɗaure miki kai. Abin da manhajar ta auna shi ne abin da kowannenku ya faɗa a kan kansa, kuma wa zai rubuta cewa yana da saurin fushi ko rowa?

Ko da kowa ya faɗi gaskiya, masana sun bincika. A 2012 Eli Finkel na Jami'ar Northwestern a Amurka da abokan aikinsa sun tantance iƙirarin irin waɗannan shafuka, ba su samu gamsasshiyar hujjar cewa lissafin yana samar da zama mai ɗorewa ba. A 2017 wata masaniya mai suna Samantha Joel ta ba kwamfuta halaye da buƙatu sama da 100 na masu neman juna. Kwamfutar ta ɗan iya hasashen wanda zai yi farin jini, amma ta kasa gano wane da wance ne jininsu zai haɗu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne gwajin da OkCupid, wata manhajar neman abokin zama, ta bayyana a 2014. Ta gaya wa mutanen da dacewarsu kashi 30 ce cewa 90 ce, sai suka ƙara sakin jiki da juna a hira. Lambar kawai suka gani suka yarda.

Ba na raina shafukan. Suna haɗa ki da wanda da ba za ku taɓa gamuwa ba, suna kuma tace manyan abubuwa kamar addini da son haihuwa. Amma yadda mutum yake in ransa ya ɓaci, ko in kika ce masa a'a, sai an zauna da shi ake gani. Ku haɗu a bainar jama'a, da sanin wani naki. Ki lura da yadda yake wa mai kawo abinci magana, da ko yana barin ki ki kai ƙarshen zancenki.

Shi kuma na 92, ki binciki abin da ya hana hankalinki kwanciya. Wata magana ce ya yi, ko alkawarin kira yake saɓawa? Ki sake rubuto min in kin gano.