Kafin Ka Zargi Ƙanenka, Yaushe Rabonku Da Zama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muka haɗa jari shekara 3 da suka wuce muna sarin kaya muna sayarwa: ni da ƙanena da wani aminina. Ni na zuba rabin jarin, aminina kashi 30 cikin 100, ƙanena kashi 20, kuma shi ke zama a shago kullum. Ciniki yana ta ƙaruwa amma kuɗi ba ya taruwa. Zuciyata tana raya min cewa ƙanena yana taɓa kuɗin, sai dai ban taɓa yi masa maganar ba don kada zumunci ya lalace. Shi ma aminin nawa ya ɗauke ƙafa, sai gaisuwa ta waya. Wani ya ba ni shawarar in ci bashin banki in buɗe shago na biyu, ya ce cikin shekara guda jarin zai ninka. In ci bashin, ko in fara sa kyamara a shagon tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ci bashin, kada kuma ka sayi kyamarar. Matsalarka tana cikin wasiƙarka, kai da hannunka ka rubuta ta ka wuce: "ban taɓa yi masa maganar ba." Shekara 3 dukiyar mutum uku tana hannun mutum ɗaya, kana kwana da zargi kana tashi da shi, amma ko sau ɗaya ba ka ce masa zo mu zauna mu duba littafi ba. Kai kana ganin zumunci kake kiyayewa. Ni abin da nake gani tsoron magana ne aka lulluɓe da kawaici, kuma shi ke cin jarinku.

Nawa ne albashin ƙanenka? Ba ka ambata ba, kuma ina kyautata zaton ba ku taɓa yanke masa ba. To mutumin da ke buɗe shago da safe ya rufe da dare, kai da amininka kuna can kuna wasu harkokinku, da me yake ci? Da me yake riƙe gidansa kafin ranar rabon riba, wadda ita ma ban ji ka ce kun sa mata rana ba? Dole yana ɗiba daga kuɗin ciniki. A lissafinsa ladan wahalarsa yake ɗauka, yana ma ganin kun ci da guminsa tunda kashi 20 kawai zai samu alhali shi ke yin aikin. A naka lissafin kuwa sata yake yi. Kowannenku yana iya rantsewa a kan gaskiyarsa, domin ba a taɓa zama an ce ga naka ga na shago ba. Abin da ba a faɗa ba, kowa hukuncin da ya yi masa daɗi yake yanke masa a zuci.

An taɓa kirana in sasanta wasu abokan tarayya da rikicinsu ya yi kama da naku sak. Da aka ƙirga kaya aka bi littafi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jarin ne babu. Babban mai jarin ya riga ya gama yanke hukunci cewa mai zaman shago ɓarawo ne. Da aka bi diddigi, fiye da rabin abin da ya ɓace bashi ne wanda shi babban da bakinsa ya riƙa cewa a bayar. Yakan buga waya ya ce a ba wane kaya zai kawo kuɗin, ya kashe wayar ya manta. Yaron kuwa yana jin nauyinsa, ba ya iya cewa a'a, ba ya kuma iya tuna masa cewa wanen nan fa bai biya na baya ba. Ragowar kuɗin cefane ne da kuɗin magani na mai zaman shagon, ya rubuta wasu bai rubuta wasu ba. Sata ƙiri-ƙiri ba a samu ko ɗaya ba. Amma kafin a kai ga wannan zama, kalmar ɓarawo ta riga ta fita daga bakin babban zuwa kunnen mutanen waje, ta zagayo ta iso gidan iyayen yaron. An karɓo wani abu daga cikin basussukan. Su kuwa ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Ka duba lissafin bashi da kyau, don a nan kuɗin irinku ya fi maƙalewa. A ce ribarku kashi 10 ce cikin 100 na ciniki. Duk kayan da aka bayar bashi kuɗin ya mutu, sai kun sayar da irinsa sau tara kuɗi hannu kafin ku mai da uwar kuɗin kaɗai, ba a zo maganar riba ba. Shi ya sa shago yake iya cika da masu saye alhali akwatin kuɗi wayam. Wa ke da ikon ba da bashi a shagonku? Har zuwa nawa? Kai kanka mutum nawa ka sa aka ba? Idan ba ka iya amsa waɗannan nan take ba, ba ka da hurumin zargin kowa tukuna.

Akwai kuma abin da manya ba sa son ji. Kai ne yaya, kai ne mai rabin jari. Ƙanenka ba zai kawo maka mummunan labari da kansa ba sai in ka saba masa da cewa kawo shi ba ya jawo tsawa. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, har rayuka ya ci. A ranar 27 ga Maris 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM na ƙasar Holland, wanda yake cikin manyan matuƙan kamfanin kuma mai horar da wasu, ya fara gudun tashi bisa zaton an ba shi izini. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. Hatsarin nan yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jirage suka shiga koyar da ma'aikatansu yadda na ƙasa zai ja hankalin na sama ya nace, da yadda na sama zai tsaya ya saurara. Idan ƙwararrun matuƙa sai da aka koya musu wannan, kada ka zaci ƙanenka zai iya don kansa. Wataƙila tun bara ya san kaya kaza sun ƙi tafiya, ko dillali kaza ya gudu da kuɗi, yana jiran ranar da fuskarka za ta ba shi dama.

Amininka da ya ɗauke ƙafa kuma, kada ka ɗauka ya gaji da kasuwa ne. Mutum ba ya mantawa da kashi 30 na jarinsa. Yana ganin wa da ƙane a gefe guda, shi bare a tsakani, kuɗi ba ya fitowa, ba wanda ya kira shi ya yi masa bayani. Yadda kake zargin ƙanenka shi kaɗai, haka shi yake zargin ku biyu. Kuma maganar da bai yi da ku ba yana yin ta da wasu, masu ba shi shawara kuwa ba su da ko ƙwandala a shagon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita kyamara magana ce, kuma mafi munin irinta. Ranar da ƙanenka ya zo ya gan ta a saman kansa ba tare da an gaya masa ba, ka faɗa masa duk abin da kake gudun faɗa, ka kuma hana shi damar amsawa. Zumuncin da kake tattali ranar zai tafi. Rudolf da Adolf Dassler wa da ƙane ne, tare suka gina masana'antar takalma a Jamus, zargin juna ya shiga tsakaninsu a shekarun yaƙin duniya na biyu, suka rabu a 1948. Daga rabuwar aka samu Puma da Adidas, kamfanoni biyu da suka yi arzikin da duniya ta sani, amma 'yan'uwan kowa ya kama gabansa har mutuwa. Su sun rasa juna dukiya ta tsira. Ku a halin da kuke ciki kuna iya rasa duka biyun.

Mai ce maka jari zai ninka cikin shekara guda, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin littafinku. Bai gani ba, domin ku ma ba ku gani ba. Irin wannan lissafin na bakin titi ya talauta mutane da yawa, kuma na gaji da jinsa. Shago ɗaya kun kasa sanin inda kuɗinsa ke shiga, za ku ƙara na biyu da kuɗin da ke da wa'adi da ruwa a kai? Banki ba ya kawaici. Ranar biya in ta zo zai yi maganar da ku kuka kasa yi, kuma da sunanka kai kaɗai.

Cikin makon nan ka kira su biyun, ku zauna ido da ido, ba ta saƙon murya a WhatsApp ba, ba kuma ta bakin ɗan aike ba. Ku rufe shago yini guda ku ƙirga kaya tare, ku fito da sunan duk wanda ake bi da wanda ke binku. Kai za ka fara magana, kuma da kanka za ka fara: ga abin da na ɗauka, ga waɗanda na sa aka ba bashi. In babba ya buɗe nasa, ƙarami zai samu bakin buɗe nasa. Kada kalmar sata ta fito daga bakinka. Ka tambayi ƙanenka abin da ya fi damunsa a shagon, sannan ka yi shiru har ya gama, ko da abin da zai faɗa a kanka ne, don akwai yiwuwar a kanka ɗin ne.

Kada ku tashi sai kun yanke albashinsa na wata, daban da kasonsa na riba. Kun sa iyakar bashin da mutum ɗaya zai iya bayarwa ba da sanin sauran ba. Kun sa ranar rabon riba. Kun kuma amince da yadda za a sallami duk wanda ya so fita. Ku rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. In wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Daga nan ku ware rabin awa duk mako, rana ɗaya tsayayya, ko da labari ko babu, don zaman da ake kira sai an ga matsala kowa da shirin faɗa yake zuwansa.

Idan bayan duk wannan ƙanenka ya ƙi buɗe littafi, ko aka samu giɓin da ya kasa bayyanawa, to wannan wata magana ce daban, sai ku raba jari cikin mutunci bisa abin da kuka rubuta. Idan kuma lissafi ya daidaita, ku riƙe shi wata shida a jere, ku ga ainihin abin da shagon ke samarwa. Sannan ka sake rubuto min batun shago na biyu, amma wannan karon wasiƙar ta zo da sa hannun ku uku.