Amsa: Wane littafin dabbobi zan saya wa ɗana mai shekara uku?

Ƴar uwa, kin tambaya ko ki sayi na Faransanci ko na Hausa tun da yaron bai shiga lakwal ba. A shekarunsa harshen bai da muhimmanci sosai, ke ce za ki faɗa masa sunayen da bakinki. Hoton za ki duba.

Ki nemi mai shafukan kwali masu kauri, don na takarda kwana biyu zai yage shi, wani har taunawa yake yi. Dabba ɗaya a shafi, babba, mai launi sosai. Wasu daga cikin waɗanda ake kawowa daga Faransa cike suke da dabbobin ƙasashen ƙanƙara da yaron bai taɓa ji ba. Ba laifi, amma ki fara da wanda zai nuna ya ce "ga akuyarmu!" Jan akuyar Maradi tana tsakar gida, jaki na wucewa da amalanke, zabo na kuka bayan gari. In ya ga hoton ya leƙa ya ga na gaske, sunan ya zauna.

Daga nan ki kai shi ga raƙumin dawa. Ki gaya masa namu ne: suna Kure kusa da Yamai, kuma a 2018 an kai takwas gandun Gadabeji, nan cikin jiharmu ta Maradi. Dorina kuma tana kogin Kwara wajen Ayoru.

Kar ki tsaya kan rubutun. Ki yi kukan dabbar, ki bar shi ya juya shafi da kansa, in kun kai kura ki sako masa tatsuniyar Gizo.