Kanari da ƙaton kwaɗon Kamaru, wa ya fi kusa da ƙarewa?

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari tambayarka, wai tsakanin kanari da ƙaton kwaɗon nan da aka turo hotonsa jiya, wa ya fi kusa da ƙarewa. Kai ka ce kanari, tunda kullum yara na ɗana masa tarko ana kai shi kasuwa a keji. A'a, kwaɗon ne, nesa ba kusa ba.

Kanarin nan mai rawayan goshi, ka gane, daga Senegal zuwa Habasha har Afirka ta Kudu akwai shi. 'Ya'yan ciyawa yake ci, in ya samu gero ya ƙara. Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke neman ɓacewa ta sa shi a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Ban ce kamun ba ya rage shi ba fa, yana ragewa. Amma in an kwashe na wannan daji, na gaba yana nan.

Shi kuwa kwaɗon, Goliath ake ce masa, kuma hoton ba haɗi ba ne. Yana haura kilo 3, jikinsa kaɗai ban da ƙafafu yana kai santimita 32. Duk duniya babu shi sai kudu maso yammacin Kamaru da Equatorial Guinea. A can ɗin ma ba kowane ruwa ba, sai kogi mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu, ruwa garau. 'Ya'yansa tun suna da wutsiya wani tsiro da ke manne a duwatsun nan suke ci. A 2019 masu bincike suka gano har duwatsu masu nauyin kilo 2 yake turewa ya gyara wa ƙwansa ɗan tafki. Ikon Allah! Kuma duk girman nan ba ya kuka irin na kwaɗin damina.

Tun 2004 yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Mafarauta na bin sa da dare da tocila, kuma manyan suke zaɓa, masu haihuwar ke nan. A sare daji a yi gona, laka ta gangaro kogi, shi ke nan, ba shi da wurin komawa.

Kada kuma ka haɗa shi da burduddugin da ake busarwa a kai Kudu buhu-buhu. Wannan daban ne, har yanzu yana da yawa.