Ma'adinin da ke yi wa dokar Ohm tawaye

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a jami'a, ina karanta fiziks. An koya mana dokar Ohm, cewa in ka ninka ƙarfin wuta, gudunta ma ninkuwa yake yi. Sai ga shi na ji wai akwai wasu ma'adanai sirara da ba sa bin wannan doka. To dokar ce ta yi ƙarya, ko yaya abin yake?

Amsa: Ɗana, dokar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba kowa take mulka ba. Ni ma ranar da na fara ganin zanen gwajin NbSe3, wato haɗin niyobiyam da seleniyam, cewa na yi na'urar awon ce ta lalace.

Shi wannan ma'adini siriri ne kamar gashi, ƙwayoyin zarrarsa a jere suke kamar sarƙa, don haka ilektoron gaba da baya kawai yake iya tafiya. Masanin fiziks Rudolf Peierls ya nuna, a littafinsa na 1955, cewa irin wannan sarƙa ba ta zama lafiya in sanyi ya yi tsanani. Ƙwayoyin sai su ɗan gusa, wasu su matso kusa da juna, wasu su nisanta, ilektoron kuma su taru nan su yi ƙaranci can, kamar kunyoyin gona. Wannan jerin kunyoyi shi ake kira igiyar cunkoson caji. A NbSe3 abin sau biyu yake faruwa, a wajen digiri 128 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sannan a wajen 214 ƙasa da sifili, kuma kowane karo turjiyarsa ga gudun wuta sai ta yi tozo a zane.

Ga inda tawayen yake. Babu ma'adinin da ba shi da ɗan datti, baƙin ƙwayoyi da suka saje a cikinsa, kuma su ne ke kafe igiyar kamar turke. In ka ba da wuta kaɗan, igiyar ba ta motsi, ragowar ilektoron ne ke ɗaukar wutar, Ohm yana nan daram. Da ka haura wani mataki, wanda a tsabtataccen samfur bai kai bolt 1 a kan santimita ba, sai igiyar ta tsinke turke ta zame gaba ɗayanta, wuta ta ƙaru fiye da lissafi. Masana daga Faransa da Amurka ne suka ga alamar haka a 1976. Wani masani, Herbert Fröhlich, ya yi hasashen zamewar tun 1954, yana zaton ita ce sirrin wutar da ke gudu babu turjiya sam. A nan kam ya kuskure, amma kuskure mai albarka.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda Fleming da Grimes suka auna a 1979: ka ba ma'adinin wuta madaidaiciya, ya mayar maka da wata mai kaɗawa. Igiyar tana hawa tana sauka a kan turakun nan tamkar mota a kan gargada, in ta ƙara gudu kaɗawar ta ƙara sauri.

Akwai kuma ƙulli. A robar nan poliyasetilin, tazarar ƙwayoyi gajere-dogo ce, gajere-dogo. Inda jerin ya juya ya koma dogo-gajere, sai a sami ƙulli mai tafiya bisa sarƙar ba ya warwarewa, ana ce masa soliton. Masana uku masu suna Su, Schrieffer da Heeger ne suka yi bayaninsa a 1979. Ilektoron kullum da cajinsa da ɗan maganaɗisunsa yake yawo, shi kuwa ƙullin nan ɗaya yake ɗauka ya bar ɗaya: ko caji ba maganaɗisu, ko maganaɗisu ba caji. In ka kai aji huɗu za ka yi lissafinsa da hannunka, ka tanadi takarda da yawa.